Yakuwa da Danginta: Tarihin Furen Lambu da Tsiron Gona

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Turawa na Kaduna ko Jos ko Zariya, zai ga wani ɗan itace da aka jera a bakin shinge, mai ganye kore shar da manyan furanni jajaye. Ma'aikacin da ya gaji irin wannan gida yakan sa a ba shi ruwa safe da yamma, yana kiransa fulawa kawai, yana ɗaukarsa baƙo ne daga Turai. Gaskiya baƙo ne, amma ba daga Turai ya fito ba. Kuma ɗan'uwa ne na jini ga yakuwa da rama, waɗanda mata suka daɗe suna shukawa a bayan gida.

Masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, watau Linnaeus, shi ne ya tara su a zuriya ɗaya da ake kira Hibiscus. A littafinsa na 1753 ya sa wa furen lambun nan suna Hibiscus rosa-sinensis, ma'ana furen ƙasar Sin, ya kira yakuwa Hibiscus sabdariffa. Har kuɓewa ma a nan ya ajiye ta, sai daga baya masana suka ware mata tata zuriya. Rama ta sami nata suna a 1759. Manomi ba ya bukatar Latin kafin ya yarda da wannan zumunta. Ya dubi furen kuɓewa da na rama da na yakuwa da hantsi, zai ga kunnuwa biyar masu ruwan ɗorawa, da duhun ja a tsakiya, da tsinke guda ya miƙe daga ciki. Haka fasalin na lambun yake, sai dai girma da launi. Yawancinsu kuma kwana ɗaya furensu ke yi, ya buɗe da safe ya yanƙwane kafin gari ya sake wayewa.

Sunan da Linnaeus ya ba furen lambu ya ɓad da mutane da dama, domin ba a taɓa samunsa yana tsirowa da kansa a dajin Sin ba, ko a wani daji. Tun kafin jiragen Turawa su isa can, mutanen Asiya da na tsibiran tekun Pasifik suke renonsa. A farkon ƙarni na 20 masu lambu a tsibirin Hawayi suka duƙufa wajen yi masa aure da dangoginsa, har aka sami iri dubbai: fari, ja, ruwan goro, ruwan hoda, da mai ninki. Ba a shuka irin waɗannan daga ƙwaya in ana son launin uwa ya dawo, sai a yanki reshe a dasa. A 1960 Firayim Ministan Malaya, Tunku Abdul Rahman, ya mai da jan nan furen ƙasa, kuma har yau shi ne na Malesiya.

Manoman Afirka wata hanya suka bi. Masana sun fi karkata ga cewa asalin yakuwa a nan nahiyar yake, a shimfiɗar ƙasar da ta taso daga Sudan ta yi yamma. Su ma sun yi zaɓen iri shekara da shekaru, amma idonsu ba a kan fure yake ba. A jikin yakuwa sun nemi ganye mai tsami don miya da fate, suka nemi ɓawon nan mai tsoka da ke rage bayan fure ya kaɗe, wanda shi ne zoɓo. (Kuskure ne da ake yawan yi a ce furen ake sha, furen ya daɗe da faɗuwa kafin a tsinki zoɓo.) Suka fitar da ja don jiƙo, da fari don miya. Ƙwayar ma, watau gurguzu, ba a zubar ba, da ita ake daddawar batso, musamman a ƙasar Sakkwato da Nijar. Rama kuwa ta ba da kwaɗo, ɓawonta ya ba da igiyar ɗaurin jinka da ta guga. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a 1916, ya kuma faɗaɗa aikin zuwa Afirka ta Yamma duka a 1937, amma ilmin da ya rubuta a bakin talakawa ya same shi.

Yakuwa ta ƙetare teku a zamanin cinikin bayi. Ta kama ƙasa a tsibiran Karibiyan, daga nan ta shiga Meziko, inda har yau ake kiran zoɓo da sunan tsibirin Jamaika. Misirawa da Sudaniyawa suna ce masa karkade, mutanen Senegal bisap, na Gana sobolo.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta waiwayi yakuwa ba. Hankalinta yana kan gyaɗa da auduga, tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma abin da mace ke shukawa a gefen gero ba ya shiga littafin haraji. Rama ce ta ɗan sami gata, ita ma albarkacin gyaɗa. Dalar gyaɗa tana cin buhuna masu yawan gaske, ana kuwa sayo su ne daga waje. Don haka a shekarun 1960 aka kafa masana'antun buhu a Jos da Badagiri da nufin su yi aiki da zaren rama. Shirin bai ɗore ba. Gyaɗa ta faɗi a shekarun 1970 sakamakon fari da cuta, kuɗin man fetur ya janye hankalin hukuma daga gona, buhun leda kuma ya cika kasuwa.

Wadda aka raina ita ce ta zama haja. Yakuwa tana jure ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa, ba ta fure sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina, saboda haka tsinkarta takan zo bayan an kai gero gida. Yau Jigawa da Kano da Katsina suna fitar da busasshen zoɓo zuwa ƙasashen waje, kasuwar Maigatari tana cikin manyan wuraren tara shi, Meziko kuma ita ce babbar mai saye. Bayan kakar 2017 Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya na wani lokaci saboda ƙwaron rumbu da aka gani cikin kaya. Laifin na ajiya ne da rashin binciken kaya kafin a loda, aikin ɗan kasuwa da jami'in gwamnati ke nan. Amma da farashi ya karye, asarar ta fi sauka a kan matan ƙauye da suka ɓare shi da hannu, ƙaiƙayinsa yana cin yatsunsu, suka shanya shi a kan tabarma.