Daga Duba-Gari zuwa Faɗakarwa: Tarihin Koyar da Ilmin Kare Lafiya ga Ɗaliban Jinya a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta waiwayi yadda aka riƙa koya wa ɗaliban jinya da sauran ma'aikatan lafiya a Nijeriya hanyoyin faɗakar da jama'a kan kare kai daga cuta, tun daga zamanin mulkin mallaka. Batun ya shafi masana harshe kai tsaye, domin ɗalibar da aka koyar da Ingilishi a aji, da Hausa ko Yarbanci ko Ibo za ta fuskanci mai juna biyu a ɗakin awo.

2.0 Zamanin Duba-Gari

Horon farko da aka tsara domin rigakafi, ba ma'aikatan jinya aka ba shi ba, jami'an tsabta aka ba. Dokta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ya karanta likitanci a Glasgow, aka kuma naɗa shi mataimakin jami'in lafiya na Ikko a 1925, shi ya kafa makarantar koyon tsabta ta farko a Yaba. Daga baya aka buɗe irinta a Kano a 1932. Abin da ake koyarwa shi ne binciken gidaje da kasuwanni da mahauta, da leƙa randuna don neman tsutsar sauro, da kai mai laifi gaban shari'a.

Sunayen da jama'a suka raɗa wa waɗannan ma'aikata sun isa shaida. Bahaushe ya ce duba-gari, Bayarabe ya ce wole-wole, wato mai shiga gida. Babu ɗaya daga cikin sunayen da ya nuna malami; duka biyun sun nuna mai bincike ne, wanda a bayansa akwai tara. Tsoro kan sa a share tsakar gida ranar zagaye, amma ba ya bayyana wa uwar gida dangantakar kwatami da zazzaɓin ɗanta.

Ita kuwa jinya, ta bi tafarkin Ingila. An kafa hukumar unguwarzoma a 1930, da majalisar ma'aikatan jinya a 1947, aka buɗe makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1952. Manhajar ta fi karkata ga kula da majiyyaci a kan gado. Ko da Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya a 1965, yawancin ɗalibai a ƙasar a cikin asibiti suke fara horo, a cikinsa suke gamawa.

3.0 Fita daga Asibiti

Canjin ya faro ne daga ƙauye. A Imesi-Ile, kusa da Ilesha, Dokta David Morley ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙarshen shekarun 1950, inda ma'aikatan jinya da unguwarzoma suka ɗauki mafi yawan aikin. A nan aka ƙirƙiro katin awon nauyin yaro, wanda uwa ke riƙewa a gida. Wannan ƙaramin mataki ya tilasta wa ma'aikaciya ta iya bayani, tunda kati ba ya amfanar uwar da ba a fahimtar da ita layin da ke hawa da sauka a kansa ba. A 1963 Jami'ar Ibadan ta fara tura ɗaliban likitanci zama a Igbo-Ora cikin shirin Ibarapa, sannan a 1975 aka kafa cibiyar horar da masu faɗakarwa kan lafiya ta yankin Afirka a jami'ar, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai dai gwajin da ya fi cancantar nazarin masana harshe shi ne na Garkida, a jihar Adamawa ta yau. A shirin kiwon lafiyar karkara na Lardin Gabas, wanda aka fara a 1974, ƙauye ne ke zaɓen waɗanda za a horar, kuma ba a cika su da lacca ba. Darasi kan zawo ko zazzaɓi, a cikin labari ake saƙa shi, ɗalibi ya maimaita shi da bakinsa, ya mayar da shi waƙa ko wasan kwaikwayo, sannan ya koma gida ya ba da shi a dandali. Wato an ɗauki adabin baka a matsayin kayan aiki, kamar allura da ma'aunin zafi. Abin takaici shi ne manyan makarantun jinya ba su ɗauki wannan dabara da muhimmancin da ya dace da ita ba.

4.0 Bayan Alma-Ata

Taron Alma-Ata na 1978 ya sanya ilmantar da jama'a a sahun farko na kiwon lafiya a matakin farko, yarjejeniyar Ottawa ta 1986 kuma ta faɗaɗa batun ya haɗa da muhalli da manufofin gwamnati. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya aza wannan tsari a kan ƙananan hukumomi. Makarantun fasahar kiwon lafiya na jihohi suka riƙa yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, haɗa ruwan gishiri da sukari ya zama darasin da kowane ɗalibi zai iya nunawa a gaban iyaye mata. A 2006 ƙasar ta fitar da manufa ta musamman kan bunƙasa lafiya, aka sabunta ta a 2019.

Duk da haka, matsalar kalmomi ta ci gaba da bin ɗalibi har bakin aiki. Kalmar shawara a Hausa tana iya ɗaukar cututtuka fiye da ɗaya waɗanda likitanci ya rarrabe. Shan inna kuwa, sunan da kansa yana ɗauke da bayanin musabbabi, domin yana jingina shanyewar ƙafa ga iska. Ma'aikaciyar da ta ce ɗigon baki yana maganin shan inna, ta yi amfani da kalmar da ke ƙaryata bayaninta ba tare da ta lura ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin cutar a Kano a 2003, sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu shela kafin amincewa ta dawo bayan an ci gaba da aikin a 2004, kuma sai a 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙaura daga Nijeriya.