Daga Goge Zuwa Biyolin: Tsara Waƙoƙin Gargajiya Domin Yara Makaɗan Tsirkiya a Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Tsara kiɗa shi ne a ɗauki waƙar da aka riga aka sani a rarraba ta ga kayan kiɗa daban-daban, kowanne da abin da zai riƙe, yadda idan suka haɗu za a ji ta cika. Ƙungiyar makaɗan tsirkiya irin ta Turai tana da kaya huɗu: biyolin, wanda ake raba masu kaɗa shi gida biyu, sai biyola, da celo, da bas mai kaurin murya. Idan makaɗan yara ne masu koyo, nauyi biyu ke kan mai tsarawa: kada ya ɗora wa yatsunsu abin da ya fi ƙarfinsu, kada kuma ya sauƙaƙa waƙar har ta fita daga kamanninta. Matsayin wannan maƙala shi ne, duk makaranta ko ƙungiyar al'adu da ke son horar da irin waɗannan yara a Fagge da Sabon Gari, ya kamata ta fara da waƙoƙin Hausa, ta tsara su bisa ƙa'idojin kiɗan Hausa, sannan kiɗan Turai ya biyo baya.

2.0 Unguwanni Biyu, Gado Biyu

Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar Kano, inda ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa an yanka shi ne a wajejen 1913, jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A yau duka biyun suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Fagge.

Kowace unguwa tana da abin da ɗayar ke buƙata. A majami'un Sabon Gari an daɗe da sabawa da rera waƙa da muryoyi huɗu, ana koyonta da tsarin do-re-mi, saboda haka akwai masu iya karanta waƙa a rubuce. A Fagge kuma kunne ya ƙoshi da kiɗan biki, da gaɗa, da tashen watan azumi, waɗanda ake ɗauka da ka. Mai tsara kiɗa a wannan yanki yana aiki ne tsakanin ido mai karatu da kunne mai hadda.

3.0 Gadon Goge da Kukuma

Goga tsirkiya da baka ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Goge ƙwarya ce da aka rufe bakinta da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Bakan ma izga ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Mai goge ba ya danne tsirkiya har ta taɓa sanda. Taɓa ta kawai yake yi da cikin yatsu, shi ya sa sautin ke zamewa kamar muryar mutum. Kukuma ƙanwar goge ce, muryarta ta fi siranta. Garba Liyo ya yi suna a goge, Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka a kukuma. David Ames da Anthony King sun bayyana waɗannan kaya a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, Jacqueline DjeDje ta yi littafi a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba a 2008, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da Hausa.

Biyolin ya fi fiyano kusanci da wannan gado. Sautukan fiyano a ƙayyade suke, ba a matsa su ko da ƙiris, alhali wuyan biyolin ba shi da shamaki, yatsa na iya zamewa ya sami ainihin inda muryar mai goge take.

4.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Shinichi Suzuki na Japan, wanda ya rasu a 1998, ya gina hanyarsa ta koyarwa a kan cewa yaro zai koyi kiɗa kamar yadda ya koyi harshen uwa, da ji da maimaitawa kafin karatu. Sai dai littafinsa na farko na koyon biyolin yana ɗauke da waƙoƙin gargajiyar Jamus da dama, waɗanda yaron Fagge bai tashi da su ba. Wanda ya ɗauki littafin ya bar hikimar da ke bayansa, ya riƙe ɓawo ne ya yar da ƙwaya.

A 1931 Béla Bartók na Hangare ya rubuta ƙananan kiɗe-kiɗe 44 domin biyolin biyu, don amfanin masu koyo. In ban da biyu, duk daga waƙoƙin ƙauye ya ɗauko su, har da ɗaya ta Larabawa, kuma bai goge musu baƙon launinsu ba. A Nijeriya, Fela Sowande ya tsara African Suite a 1944 domin ƙungiyar tsirkiya, da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma, amma aikin na ƙwararru ne. A Soweto ta Afirka ta Kudu, makarantar Buskaid da Rosemary Nalden ta kafa a 1997 tana haɗa wa yara kiɗan Turai na dā da kiɗan kwela na unguwanninsu. Darasin duka ɗaya ne: yaro yana saurin gane kuskurensa a waƙar da ya riga ya sani.

5.0 Ƙa'idojin Tsarawa

Na farko, matakan sauti. Yawancin waƙoƙin Hausa suna tafiya ne a kan sauti biyar: do, re, mi, so, la. Wannan babbar sa'a ce ga mai koyo. Dukkan kayan nan huɗu suna da tsirkiyar D da ta A. Idan aka ɗora do a kan D, mai biyolin zai sami do ba tare da ya sa yatsa ba, re da yatsa na farko, mi da na biyu, so a kan A ba yatsa, la da yatsa na farko. Da yatsu biyu da tsirkiya biyu, waƙar gaɗa sukutum ta shiga hannun yaro.

Na biyu, karin harshe. Hausa tana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya: kukan jariri gaɓoɓinsa biyu a sama suke, bishiyar kuka kuwa gaɓarta ta biyu sauka take yi. Karin waƙa yakan bi wannan, ko da ba a furta kalmomin ba mai sauraro yana jin su a zuci. Don haka ba a juya hawa ya koma sauka don a sauƙaƙa wa yatsa. In waƙa ta yi wuya, a canza tsirkiyar da aka ɗora ta, ko a ajiye ta sai gaba. Haka nauyin gaɓa: mai nauyi tana son dogon jan baka, marar nauyi gajere. Malamin da ya sa yara suka rera baitin kafin su ɗauki kaya ya riga ya koya musu jan baka.

Na uku, haɗin muryoyi, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya taso a ƙungiyar mawaƙan majami'a hannunsa zai kai ga muryoyi huɗu, ya shigo da fa da ti waɗanda babu su a waƙar. Sakamakon yana da daɗi, amma ya zama wata waƙa dabam. Ginin waƙar Hausa jagora ne da 'yan amshi, kuma 'yan amshi murya ɗaya suke yi. Abin da ya dace shi ne a raba ƙungiyar bisa wannan gini.

Ga yadda waƙar gaɗa mai baiti da amshi za ta zauna. Biyolin na ɗaya su ɗauki baitin jagora. Biyolin na biyu da biyola su shigo da amshi tare, su yi shiru har zagayen ya dawo. Wannan jira yana koya musu ƙidayar bugu. Masu celo su ajiye baka su riƙa kaɗa D da A da yatsa, irin yadda ake kaɗa gurmi, da ɗan gajeren salo mai maimaituwa. Mai bas ya riƙe wurin tafin 'yan mata, ko a kawo mai ƙwarya na gaske ya zauna a tsakiya. A zagaye na biyu a yi musanya, celo ya zama jagora, domin kada wasu yara su dawwama a rakiya.

Na huɗu, bugu. A kiɗan Hausa bugu bibbiyu da uku-uku sukan yi tafiya tare. A takarda abin yana da ban tsoro, amma yarinyar da ta yi gaɗa tana da shi a tafinta. A fara da tafi da rerawa, rubutu ya zo daga baya a matsayin tunatarwa.

Akwai masu ganin rubuta waƙar baka yana daskarar da ita, wasu kuma na cewa gara a koya wa yaran goge kai tsaye. Duka biyun suna da hujja. Amsar ita ce a rubuta amshi da rakiya kawai, a bar wa jagora fili ya yi ƙari da ragi, kuma a gayyato mai goge ko kukuma ya jagoranci ƙungiyar lokaci-lokaci. Biyolin ba magajin goge ba ne, abokin tafiya ne.

6.0 Shigo da Kiɗan Turai

A zaɓi abin da ya yi kama da wanda yaran suka saba. Sanannen karin da ke ƙarshen simfoni na tara na Beethoven, na 1824, a D yake, yana tafiya mataki-mataki, kuma da shi za a gabatar da fa da yatsa na uku. Kanon na Pachelbel shi ma a D yake, an gina shi a kan sauti takwas da ke maimaituwa a ƙasa daga farko har ƙarshe, wanda ba zai zama baƙo ga mai celon da ya saba riƙe salo ɗaya ba. Adalci ɗaya ake yi wa gadon biyu: a rage ado, kada a taɓa ƙashin bayan waƙa.

7.0 Zaɓen Waƙa da Kula da Kaya

An daɗe ana danganta goge da bori da wuraren shagala, kuma iyaye da yawa suna ƙyamarsa saboda haka. Mai tsarawa ba zai kau da kai daga wannan ba. A ajin da ya haɗa yaran Musulmi da Kirista, waƙoƙin gaɗa, da reno, da daka, da wasannin dandali sun fi taken iskoki ko waƙoƙin ibada dacewa. Waƙar da aka san mai ita, a nemi izininsa ko na magadansa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba fasahar gargajiya ma kariya.

Yanayi shi ma yana da ta cewa. Da hunturu katako yana bushewa, ƙusoshin ɗaure tsirkiya su saki, jikin biyolin ya iya tsagewa. Tsarin da ya dogara da D da A yana rage wahala, domin malami zai fi sa ido a kan tsirkiya biyu a kowane kaya.

8.0 Kammalawa

Sauti biyar, da jagora da amshi, da gajeren salo mai maimaituwa, su ne ginshiƙan waƙar Hausa, kuma su ne daidai abin da hannun mai koyo ke iya ɗauka. Abin da ya rage shi ne a samar da littafin waƙoƙi da aka tsara daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa, kuma ya kamata masana waƙar baka na Jami'ar Bayero, da malaman kiɗa na Sabon Gari, da makaɗan goge da kukuma da ke raye, su zauna su yi shi tun masu haddar waɗannan waƙoƙi suna nan.