Takardar bayyana manufa: abin da malaman kimiyya ke nema a cikinta

Takardar bayyana manufa, wadda jami'o'in Amurka da Kanada ke kira statement of purpose, rubutu ne da ɗalibi ke haɗawa da dosiyensa in yana neman gurbin karatun mastar ko daktora. Ta yi kama da lettre de motivation da aka saba da ita a Nijar, sai dai ta fi karkata ga aikin bincike. Yawanci shafi ɗaya zuwa biyu ce, kalmomi 500 zuwa 1,000, kuma jami'o'in Amurka da yawa na rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu.

Malaman sashen da ake nema su ne ke karanta ta. A fannin kimiyya sau da yawa sashen ne ke ɗaukar nauyin ɗalibin daktora tsawon shekaru, shi ya sa tambayarsu guda ce: wannan zai iya bincike tare da mu?

Abubuwa uku ke amsa tambayar. Na farko, matsalar da ɗalibi ke son bincika, a faɗe ta tun sakin layi na farko. Na biyu, aikin da ya riga ya yi. Wanda ya rubuta kundin kammala karatunsa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi a kan tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, sai ya bayyana gonaki nawa ya duba, yadda ya ƙirga ɓarnar, abin da ya gano, har da abin da ya ƙi yiwuwa da yadda ya gyara. Horon da aka yi a INRAN ko AGRHYMET ma nan ne wurinsa. Na uku, dalilin zaɓen wannan jami'a: sunan malami ɗaya ko biyu, da inda bincikensu ya haɗu da nasa.

Kurakuran da aka fi yi su ne buɗewa da labarin ƙuruciya, da jera makin da ke cikin takardun sakamako, da yawan kirari ga jami'a, da aika takarda ɗaya zuwa ko'ina an canza suna kawai. Kwafar rubutun wani kuwa na iya jawo a yi watsi da dosiyen gaba ɗaya.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, gara ya rubuta da Turanci mai sauƙi kai tsaye da ya dogara ga fassarar na'ura. Ya kamata a fara da wuri, a ba malaman da za su rubuta wasiƙun shaida, waɗanda galibi uku ake nema, su karanta kafin a aika.