Daga Zoben Azurfa zuwa Hatimin Roba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin akawu da takarda a hannu, yana jiran a buga masa hatimi kafin a yarda da abin da ke cikinta, ya san cewa rubutu shi kaɗai, komai kyawun hannun da ya yi shi, ba ya wadatar da hukuma sai an ɗora masa alamar da za ta shaida daga inda ya fito. Wannan al'ada kuwa ta girmi takarda kanta da shekaru dubbai, domin mutanen ƙasar Iraƙi ta dauri, tun wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sukan sassaƙa ƙananan duwatsu mulmulallu, su huda su, su rataya a jiki, idan sun liƙe bakin tulu ko ƙofar rumbu da yumɓu sai su mirgina dutsen a kai tun yumɓun yana ɗanye, yadda ba mai iya buɗewa a ɓoye ba tare da ya karya alamar mai kaya ba.

A wurinmu Musulmi, asalin da malamai ke komawa gare shi sananne ne, Buhari da Muslim duka sun ruwaito shi daga Anas ɗan Malik. Yayin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi nufin aika wasiƙu zuwa ga sarakunan duniya bayan sulhun Hudaibiyya, sai aka faɗa masa cewa waɗannan mutane ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, saboda haka ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa, aka zana sunansa da manzancinsa a kai cikin layi uku, ya kuma hana kowa ya yi zane irin nasa. Wannan hani shi ne abin lura, gama ya nuna tun daga farko cewa darajar hatimi ba a ƙarfensa take ba, tana cikin kasancewarsa guda ɗaya a hannun mutum guda. Zoben ya zauna wurin Sayyidina Abubakar, sa'an nan Umar, sa'an nan Usman, har ranar da ya faɗa rijiyar Aris a Madina, aka yi kwana uku ana yasa ba a same shi ba. Daga baya, a zamanin Mu'awiya, aka kafa diwani na musamman domin hatimi, dalili kuwa, kamar yadda Ibn Khaldun ya kawo a Muƙaddima, shi ne wani da aka ba takardar karɓar dirhami 100,000 ya buɗe ta a hanya ya mai da adadin 200,000. Tun daga ran nan aka riƙa naɗe wasiƙar halifa, a ɗaure, a liƙe, a buga.

Labarin takarda ba sai mun tsawaita ba. Mutanen Sin suka ƙago ta, ta iso Samarkand a ƙarni na 8, Bagadaza ta kafa masana'antarta kafin ƙarnin ya ƙare, daga nan ta bi Masar da Magrib da Andalus ta shiga Turai. Amma wadda ta cika gafakokin malaman ƙasar Hausa a ƙarni na 19 galibinta daga arewacin Italiya take, fatake suna ɗauko ta daga Tarabulus, su ratso Ghadames da Ghat a bayan raƙuma har Kano. Idan ka ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a hasken rana za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ambaci wannan takarda mai wata uku cikin hajar da ake shigowa da ita da yawa, ya kuma ce ana naɗe tufafin ƙasar da ita, abin da ba zai ba wanda ya san yadda ake ƙunshe baƙin rawani da turkuɗi mamaki ba.

To, takardar da ta ƙetare Sahara ba abin wasa ba ce, shi ya sa kayan aikin marubuci suka zama kaɗan, kowanne kuwa an san haƙƙinsa. Alƙalami na gamba ne ko wani kara mai ƙarfi, malam ya feƙe shi da 'yar wuƙa mai kaifi, ya tsaga bakinsa kaɗan domin ya riƙe tawada, ya datse kan gwargwadon kaurin harafin da yake so, ya gwada a gefen allo kafin ya kusanci takarda. Tawadar allo dabam, ta gawayi ce da ƙaro, wadda ruwa ke wankewa. Ta takarda kuwa akan jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera har ruwan ya yi duhu, a tace, a sa ƙaro, a zuba a kurtu, ita ce ke kama warƙa ta shekara ɗari ba ta gushe ba. Mai rubuta Alƙur'ani yana da ja domin wasula, da rawaya da kore domin rarrabe hamza, kowane launi da alƙalaminsa. Ba a ɗinke littafi, warƙoƙi ne a sake, shi ya sa marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, domin in iska ko yaro ya watsa su a iya mai da kowace mazauninta; sa'an nan a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, a sa a gafaka. Ni a ganina wannan 'yar dabara ta kalma guda ta tserar da ilmi fiye da yadda ake yaba mata.

Hatimi kuwa, a wancan zamani, kayan fada ne. Sarkin Musulmi yana da nasa, Shehun Borno yana da nasa, an zana suna da addu'a a kan ƙarfe, a juye, an ƙwaƙule haruffan ciki, saboda haka in an shafa tawada an danna, sai filin ya fito baƙi, rubutun ya fito fari. Malamin da ya rubuta wasiƙa ba lalle ne ya zama shi ke riƙe da hatimin ba, manzon da zai kai ta kuma sananne ne a can inda za shi, watau hannu da hatimi da manzo, shaidu uku ke nan a kan magana ɗaya. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari lokacin da suka ci Sakkwato a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, sun isa hujja cewa mulkin nan da takarda ake tafiyar da shi, ba da baki kaɗai ba.

Abin da ya sauko da hatimi daga fada zuwa kasuwa ya faru ne a nesa da mu ƙwarai. Roba a farkon al'amarinta ba ta da amana, zafi ya narkar da ita, sanyi ya sandarar da ita, har sai da wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in an cuɗa ta da farar wuta an gasa, sai ta tsaya a kan siffar da aka ba ta. Ya karɓi takardar mallakar wannan hikima a 1844, ya mutu a 1860 da bashi a kansa. Likitocin haƙori suka fara amfani da ƙananan tukwanen gashi domin yin dasashin haƙoran roba, irin waɗannan tukwane ne kuma masu hatimin farko suka ara a shekarun 1860. Mutum uku ake jayayya a kansu, Witherell da Woodruff da Leland, kowa da masu cewa shi ya fara. Hanyar dai guda ce: a jera haruffan dalma irin na maɗaba'a, a danna su cikin farar ƙasa mai daskarewa su bar gurbi, a shimfiɗa ɗanyar roba a kan gurbin, a matse, a gasa, a yanko, a manna a jikin katako mai mariƙi. Aikin da maƙeri gwani zai kwana biyu yana yi ya koma na sa'o'i kaɗan, a kan kuɗi ƙalilan.

Da Turawa suka kafa mulkin En'e, suka buɗe baitulmali, wanda aka fara a Katsina zamanin Sarki Dikko da Razdan Palmer, sai takarda ta yawaita irin yadda ba a taɓa gani ba, rasit na haraji da na jangali, sammacin alƙali, takardar asibiti, takardar tafiya Makka, kowace tana neman alama, wanda bai iya sa hannu ba kuma ya dangwala babban yatsa a kan ƙyallen tawadar nan na cikin ɗan akwatin ƙarfe. Daga nan sana'ar ta faɗo hannun 'yan kasuwa. Wanda ya taɓa zama kusa da mai yanka hatimi a bakin gidan waya ko ƙofar kotu ya ga abin sha'awa: ɗan teburi, guntun roba, bakin reza da aka karya aka ɗaure a tsinke, biro, gam, da tarin mariƙai na katako. Ya zana da'ira biyu, ya rubuta haruffa a juye daga dama zuwa hagu, ya sunkuya yana ɗebe abin da ke tsakaninsu kaɗan kaɗan har su tsaya a tsaye, kishiyar aikin maƙerin fada ke nan, sa'an nan ya buga a bayan tsohon ambulan ya miƙa maka ka duba. Harafi ɗaya ya kuskure, sai a sake daga farko.

Yau na'ura ta karɓe yawancin wannan aiki. Kamfanin Trodat na ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1912, ya fitar da hatimin roba mai shafa wa kansa tawada cikin gidan filastik a 1976, kwamfuta kuma tana zana kowane irin tambari cikin daƙiƙoƙi. A Turai da Amurka har abin ya zama na nishaɗi, ana sayen hatimi mai furanni da tsuntsaye, da almakashi da wuƙar yanka takarda da ƙashin ninke ta, ana ƙawata katin gaisuwa, ba laifi. Amma a sha'anin hukunci, hatimin da kowa zai iya sa a yi masa irinsa kafin la'asar ba shaida ba ne, ado ne, alƙalin da ya dogara gare shi kaɗai kuwa bai yi bincike ba.

Saura roƙo ga mai karatu. Idan akwai tsofaffin takardu a gidanku, na gado ko na sarauta ko na ciniki, a cikin adaka ko a rataye a gafaka, ka fito da su ka kaɗe, ka nisanta su daga gara da laima, kada ka liƙa musu salatif, kada kuma ka yanke hatimin da ke kansu domin ka ga ya yi kyau. In ba ka iya adana su, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa suna Kaduna, akwai kuma cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka kai a duba, a ɗauki hotonsu.