Tarihin Yaƙar Sankarar Fata da Garkuwar Jiki

Melanoma nau'in sankarar fata ce da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke samar da launin fata, kuma ko da yake ba ta kai sauran nau'o'in yawa ba, ta fi su kisa, domin da zarar ta bazu zuwa hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa, tiyata ba ta cim mata, magungunan kemoterafi kuwa, wato masu kaifin da ake zubawa a jini don kashe ƙwayoyin daji, ba su cika tasiri a kanta ba. Wannan gazawa ce ta mai da ita fagen gwajin wani daɗaɗɗen tunani, cewa garkuwar jikin mutum tana iya gane ƙari ta kuma hallaka shi.

Tunanin ya samo asali a shekarar 1891, lokacin da William Coley, likitan tiyata a birnin New York, ya fara yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan, bayan ya lura cewa ƙarin wasu majinyata yakan saɓe idan sun yi zazzaɓi mai tsanani. Wasu sun samu sauƙi, amma da yake babu wanda ya san dalilin hakan, kuma sakamakon bai tsaya kan hali ɗaya ba, likitoci sun juya wa hanyar baya, suka rungumi gashi da haske wanda ke tashe a lokacin. Sai a 1961 Jacques Miller ya gano aikin taimus, wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, inda wasu fararen ƙwayoyin jini ke balaga, waɗanda daga baya aka kira ƙwayoyin T, masu farautar duk wani baƙon abu a jiki. A 1976 kuma aka gano sinadarin da ke sa su hayayyafa, wanda aka sanya wa suna IL-2, abin da ya ba da damar renon su a ɗakin gwaji.

Steven Rosenberg, shugaban sashen tiyata a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, shi ne ya kai wannan ilimi bakin gadon majinyata. Ya lura cewa a cikin ƙarin kansa akwai ƙwayoyin T da suka riga suka gane abokin gaba suka kutsa, sai dai yawansu bai isa ba, don haka ya riƙa yanko ƙarin, ya ware su, ya rene su da IL-2 har su kai biliyoyi, sannan ya mayar da su jinin mai su. A 1988 ya ba da rahoton cewa ƙari ya ragu a jikin mutum 11 daga cikin 20 masu melanoma da aka yi wa haka. Matsalar ita ce ƙwayoyin ba sa daɗewa a jiki, har zuwa 2002 da tawagarsa ta nuna cewa idan aka fara rage fararen ƙwayoyin jinin majinyaci da kemoterafi, sababbin sukan samu sarari su kafu.

A daidai wannan lokaci wasu masana suna bin wata hanya dabam. James Allison a Amurka da Tasuku Honjo a Jami'ar Kyoto ta Japan sun nazarci wasu sinadarai biyu da ke jikin ƙwayoyin T, CTLA-4 da PD-1, waɗanda ke aiki kamar linzami, suna hana garkuwa afka wa lafiyayyen jiki, amma ƙari yakan yi amfani da su ya tsira. A 1996 Allison ya nuna a jikin ɓeraye cewa sakin linzamin CTLA-4 yana kawar da ƙari, daga nan aka samu maganin ipilimumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Mutanen biyu sun raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018.

Nasarar waɗannan magunguna ba ta shafe hanyar Rosenberg ba, domin majinyata da dama ba sa jin su. Wani gwaji da aka gudanar a Holan da Denmark kan mutum 168, aka buga a 2022, ya nuna cewa ƙari ya ragu a kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka mayar wa ƙwayoyinsu, alhali kashi 21 ne a wajen masu karɓar ipilimumab. A watan Fabrairun 2024 Amurka ta amince da lifileucel, maganin farko irin wannan na daskararren ƙari, wanda ake haɗa wa kowane majinyaci nasa cikin kimanin kwana 22, kuma farashinsa a lokacin dala 515,000 ne.

Dalilin da ya sa melanoma ta fi saurin miƙa wuya shi ne, hasken rana yana jawo dubban sauye-sauye a ƙwayoyin gadonta, abin da ke sa ta fita dabam garkuwa ta shaida ta. Wannan dalili shi ne kuma iyakar nasarar, musamman ga baƙar fata, domin melanomar da aka fi gani a Afirka takan fito ne a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, ba rana ke haddasa ta ba, sauye-sauyenta kaɗan ne, don haka ba ta jin waɗannan magunguna kamar wadda ke kama Turawa. Saboda haka, a ƙasashen da tsada ta nisanta maganin, gano baƙin tabo ko gyambon tafin ƙafa da wuri, a cire shi ta hanyar tiyata, shi ne har yanzu abin da ya fi ceton rai.