Yadda Zariya ta sauya karatun ma'aikatan laburare a Najeriya

Kafin 1960, duk ɗan Najeriyar da ke son zama ƙwararren ma'aikacin laburare sai ya zana jarrabawar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Birtaniya. Wasu su tafi Ingila, wasu su yi karatun ta hanyar wasiƙa, kuma manhajar duka an tsara ta ne domin masu karatu na can. A Arewa kuwa, ɗakunan karatu na En'e yawanci suna hannun ma'aikatan da ba su sami wani horo na musamman ba.

Taron da UNESCO ta kira a Ibadan a 1953 kan laburaren jama'a a Afirka shi ne ya tayar da maganar horar da ma'aikata a gida. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya zagaya Afirka ta Yamma, rahotonsa na 1958 ya ba da shawarar a buɗe makaranta a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Makarantar ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960 a ƙarƙashin John Harris, shugaban laburaren kwalejin. Aƙidarta ita ce a horar da shugabannin sana'ar: mutum ya fara samun digiri a wani fanni, sannan ya ɗora da ilimin laburare.

Wannan tsari bai dace da halin da Arewa ke ciki ba. Masu digiri a lokacin ba su taka kara sun karya ba, kuma ɗan abin da ake da shi ma'aikatun gwamnati na rububinsa. Wa zai bar kujerar di'o ya koma jera littattafai? A 1963 F. A. Sharr, wani masani daga Ostireliya, ya rubuta rahoto kan buƙatun laburare a Jihar Arewa, inda ya nuna cewa ƙarancin ma'aikata ne babbar matsala, ya kuma ba da shawarar a yi horon a Arewa.

A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe sashen nazarin laburare, ta fara ba da difloma da digirin farko. Ɗalibi na iya shiga ba tare da wani digiri a hannu ba, ya haɗa darussan sana'ar da wasu fannoni. Nan fa aka ja daga. Masu ra'ayin Ibadan suka ce an zubar da darajar sana'ar, domin wanda bai ƙware a wani fanni ba ba zai iya yi wa malaman jami'a jagora ba. Mutanen Zariya suka ce da babu gara ba daɗi: ƙasar da makarantunta da garuruwanta ke jiran ma'aikata ba za ta tsaya yaye 'yan ƙalilan a shekara ba.

Lokaci ne ya raba gardamar. Jami'ar Bayero ta Kano a 1977 da ta Maiduguri a 1978 duk sun bi sawun Zariya, daga baya Ibadan ma ta fara ba da digirin farko. Dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, kuma digirin da aka yi wa kallon raini a 1968 yana cikin takardun da take karɓa a yau.