Wasiƙa da Kundin Lissafi: Dukiyar Mikelanjelo a Mahangar Tarihi

Manazarta tarihin fasahar Italiya sun daɗe suna dogaro da wasiƙun Mikelanjelo (1475–1564) wajen fahimtar rayuwarsa. A cikinsu ya sha kokawa da talauci da wahalar aiki da nauyin dangi. Almajirinsa Kondibi, wanda ya rubuta tarihinsa a 1553, ya ƙara ƙarfafa wannan siffa ta mai gudun duniya, har ya nuna cewa yakan kwana da takalmansa.

Sai dai a 2002 Rab Hatfield ya fitar da nazarin da ya yi wa takardun ajiyarsa na bankin Balducci a Rum da na asibitin Santa Mariya Nuwoba a Fulorans, domin a wancan zamani asibitin na karɓar ajiyar kuɗi. Abin da alƙaluma suka nuna ya sha bamban da abin da wasiƙu suka faɗa.

Ladan sassaƙa gunkin Piyeta, bisa yarjejeniyar 1498, dukat 450 ne na zinariya. Shekara 10 bayan haka, zanen rufin majami'ar Sistin ya kai dukat 3,000. A 1535 kuwa Fafaroma Bulus na Uku ya yanka masa sikudi 1,200 duk shekara, rabinsu daga kuɗin fiton kogin Po a Piyacenza. Wannan albashi na da muhimmanci, saboda an sha yabon Mikelanjelo da cewa ya jagoranci ginin majami'ar Waliyyi Bitrus ba tare da lada ba. Gaskiya ne bai karɓa daga asusun ginin ba, amma aljihun Fafaroma bai daina biyansa ba.

To, ina kuɗin suka tafi? Yawancinsu gonaki da gidaje aka saya a Fulorans da kewayenta. Ya yi imani cewa gidan Buwonarroti na da asalin sarauta, kuma burinsa shi ne ya maido da martabar da ta zube. Saboda haka ba daidai ba ne a yanke masa hukuncin rowa kawai, ko a ce kukansa ƙarya ce tsagwaronta. Wasiƙa zuwa ga dangi masu yawan roƙo tana da manufarta.

Da ya rasu a 1564, an tarar da 'yan komatsai kaɗan a gidansa na Rum, tare da akwati ɗauke da tsabar zinariya sama da 8,000.